Neman Giwan Ruwa a Kogin Galma

Mutanen ƙasarmu, watau Janfalan da Ikara da Makarfi har zuwa Kudan, ba masunta ba ne. Manoma ne, masu rake da masara da tumatir da barkono. Ba kuwa ƙyuya ta hana mu su ba, Allah ne ya ajiye mu bisa tudu, daidai inda ruwa ke rabuwa biyu. Ruwan saman da ya zuba arewa da mu ya kan gangara Kogin Kano, ya bi ta Haɗeja ya nufi Tafkin Chadi. Wanda ya zuba kudu kuwa sai ya faɗa Galma, Galma ta bi da shi ta gabashin Zariya ta kai wa Kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa wa Kwara can ƙasar Nufe, daga nan sai teku. Mu ke sallamar ruwa, waɗansu ke yi masa maraba. Abin da ya kan bar mana sai rafuffuka da fadamu, waɗanda kafin rani ya tsaga sun ƙafe, in ban da 'yan kududdufai inda yara ke tonon gaiwa da tarwaɗa cikin taɓo.

Saboda haka kifin da muka sani shi ne banda ta kasuwa, da daskararren nan na teku da a ke kawowa cikin kwali, da tarwaɗar kiwo. Giwan ruwa kuwa a wurinmu kamar giwar daji ya ke, kowa ya ji labarinsa, waɗanda suka gan shi da ido ba su da yawa. Ga wanda bai san shi ba, kifi ne fari mai ƙyalli kamar azurfa, mai ɗan tozo bayan kai, da baki mai faɗi, da ƙayoyi tsaitsaye bisa gadon baya. Galibin abincinsa 'yan'uwansa kifaye ne. A manyan ruwaye ya kan kai tsawon mutum, nauyinsa ya wuce kilo 100. Shi ne wanda a ke gasar kamawa a Argungu, bikin da aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama. A bikin 2020 wanda ya ci gasa ya fito da mai kilo 78. Mu da ke jin wannan a rediyo sai mu riƙe baki, gama ko buhun taki bai kai haka ba.

Mu huɗu ne abokai tun muna makarantar allo, a zaure ɗaya muka sha bulala. Akwai Tela, akwai Malamin makaranta, akwai Mai lambu, sai ni da ke aikin rubutu a ofishin hakimi. Kowace la'asar in an tashi aiki mu kan taru gindin wata ceɗiya mu yi dara. Tela ne ya kawo maganar tafiya. Yana da kawu a wani ƙauye bakin Galma, cikin ƙasar Kubau, shekara da shekaru yana cika mana kunne da labarin wani gurbi da ke can, wai giwan ruwan da ke ciki sun tsufa har gansakuka ta fito musu a baya. Tela mutum ne wanda in ya ga kaza ya kan ba da labarin jimina, don haka ba mu taɓa ɗaukar maganarsa da nauyi ba. Amma da kawun ya aiko cewa za a yi su mako guda bayan ƙaramar salla ta 2023, sai muka ce to, bari mu je mu ga zahiri, ko ba komai a sha iska.

Akwai wani dalili kuma da ba wanda ya faɗa a fili. A ranin nan tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a 2016, ta sake faɗa wa lambuna. Mai lambu ya ci bashi ya sayi iri da taki da man inji, ya yi ta feshi ba dare ba rana, cikin mako biyu gonar ta zama kamar an babbake ta. Tun daga nan ya daina dariya a wurin dara. Muka ga gara mu fitar da shi daga gari ko na kwana biyu.

Muka tashi da sassafe ran Jumma'a bisa babura biyu, muka bi ta Ikara muka yi kudu, muka yi salla a hanya, la'asar sakaliya muka sauka. Kawu ya yi mana kyakkyawar maraba, ya sauke mu a zaurensa, gama zamanin da baƙo zai kwana bakin kogi cikin daji ya wuce. Bayan magariba ya kai mu gaisuwa wurin Sarkin Ruwa.

Dattijo ne siriri, baƙi, idonsa ɗaya ya yi fari. Muka durƙusa muka ce, "Ranka ya daɗe." Ya amsa, ya tambayi kowa sana'arsa. Da ya ji ni magatakarda ne sai ya yi murmushi ya ce, "To, Malam, sai ka rubuta abin da zan faɗa." Sa'an nan ya karanta mana dokar ruwansa. Gurabu biyu gare su. Ƙaramin, na bakin mashaya, shi za a buɗe gobe, kowa ya shiga da komarsa da gorarsa. Babban kuwa, na gindin dutse, a rufe ya ke, ba a sa masa taru sai shekara uku uku, bana kuwa ba shekararsa ba ce. Ba a su da gidan sauro. Ba a zuba magani ko wane iri ne. Baƙo kuwa, laifinsa yana wuyan mai masaukinsa. Ya dubi Kawu, Kawu ya ce, "Na ɗauka, ranka ya daɗe."

Ya kamata in tsaya nan in bayyana hikimar wannan doka, don mutumin tudu ba zai gane ta nan da nan ba. Kogi irin Galma ba ya gudu duk shekara da ƙarfi ɗaya. In rani ya yi nisa sai ya tsittsinke, ya zama rairayi da gurabu jefi jefi. Kifin da ya bazu cikin kogin duka da damina sai ya tattaru cikin waɗannan gurabu, ba shi da wata mafita har ruwan fari ya sauko. In sabon ruwa ya zo, sai su fita su bazu cikin fadamu da ciyayi su yi ƙwai. Watau abin da ke cikin gurbi da bazara shi ne irin kifin baɗi duka. Giwan ruwa kuma, manyan nan da a ke alfahari da su galibi mata ne, mace guda ta kan zuba ƙwai miliyoyi. Tun zamanin En'e, wadda mahaifina ya yi wa aiki kafin a rushe ta a 1976, Sarkin Ruwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi, wanda ya taka dokar gurbi har gaban alƙali ya kan je. Yanzu ma akwai dokar gwamnati ta 1992 da ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki a ruwayen cikin ƙasa. Amma a ganina, ni da takardu ke bi ta hannuna, doka a takarda ba ta tsare gurbi da tsakar dare. Abin da ke tsare shi kunyar idon dattijo irin wannan ne, da sanin cewa gari duka zai ji.

Gari ya waye, hantsi ya dubi ludayi, aka buga ganga. Mutane wajen ɗari biyu suka yi layi bakin ƙaramin gurbi. Sarkin Ruwa ya yi addu'a, ya ɗaga hannu, sai ka ji rum, ruwa ya koma kunu. Masunta na ainihi suka kwanta bisa gorunansu suna tuƙi da ƙafa, koma biyu a hannu, su nutsa su taso. Mu kuwa 'yan tudu muka tsaya inda ruwa bai wuce cibiya ba, muna ta lalube kamar makafi sun ya da kwabo. Tela ya damƙo wani abu mai santsi, ya ɗaga murya zai yi kirari, ashe minjirya ce, ta ba shi wuta har ya zauna cikin ruwa. Aka yi ta dariya, har Mai lambu sai da ya dara. Ƙurungu ya soki Malamin makaranta a babban yatsa, ya yini yana tsotsa. Kafin azahar an gama. Abin da mu huɗu muka tara bai cika ƙwarya ba: 'yan karfasa, da kawara, da tarwaɗa uku, da wani ɗan ragon ruwa. Masuntan ma ba wanda ya fito da abin a zo a gani. Tsofaffi suka ce da can a wannan gurbi sai an kawo jakuna. Yanzu kuwa ga injunan ban ruwa jere bakin kogi suna zuƙa tun daga kaka, ga masu gidan sauro da ke kwashe har 'ya'yan kifi masu kamar allura a inda ba Sarkin Ruwa mai ƙarfi.

Da dare muna zaure mu kaɗai, an ci tuwo da romon abin da muka kama, sai Mai lambu ya jawo jakarsa, ya fito da wata kwalba ya ajiye tsakaninmu. Ragowar maganin feshinsa ne. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Wannan bai kashe mini tsutsa ba, amma zai kashe kifi. Rabinta ya isa gurbin can. Kafin asuba mun cika buhu huɗu, mu kama hanya, in kai kasuwa in rage bashi. Wa ya san mu a nan?"

Aka yi tsit. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Kakanninmu sun san majimfa, su kan daka ganyenta su zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso, amma ita ƙarfinta ba ya daɗewa. Daga baya aka shiga zuba Gammalin, maganin ƙwarin koko, yanzu kuwa duk abin da ya ragu a kwalbar feshi. Waɗannan ba su zaɓe, su kan kashe babba da ƙarami, da kwaɗo da ƙwai, su bar gubar cikin naman da za a sayar wa mutane.

Tela ne ya fara magana, murya na rawa. Ya ce, "Haba, ɗan'uwa! Kawuna fa ya ɗauke mu a wuyansa. Mu mu tafi, shi ina za shi?" Ni kuwa na gaya masa abin da na gani da idona. Shekara biyu kafin wannan, wani Arɗo ya zo ofishinmu da ƙara, shanunsa bakwai sun sha ruwa a wani gurbi da aka zuba wa magani, sun mutu a yini ɗaya. Yara biyu na wani gida da suka ci kifin sai da aka kwana da su asibiti. Ni na rubuta rahoton da hannuna. Na ce masa, "Matan garin nan daga ƙasan gurbin nan su ke ɗiban ruwan sha. In ka zuba, ba zan iya cewa ban gani ba."

Malamin makaranta, da ya ke shi mai karance-karance ne, sai ya ɗauko ta nesa. Ya ce a ƙasashen sanyi akwai wani kifi da a ke kira sitajin, shi ne giwan ruwansu. Ba shi da haƙori, bakinsa yana ƙasa, da gashin baki huɗu, jikinsa jere da faranta na ƙashi maimakon ɓawo. Ya kan yi shekara ɗari a duniya, macen kuwa sai ta shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta fara ƙwai. Ƙwan nan nasa shi ne abincin attajirai mafi tsada, saboda shi aka yi ta kashe shi a Tekun Kasfiyan da Kogin Bolga na Rasha har ya kusa ƙarewa. A 2022 masana suka bayyana cewa dukan ire-irensa 26 da suka ragu suna cikin haɗari. Ya ce a Kogin Fireza na Kanada, tun 1994 in abokai sun fita kamunsa, sai su sha wahala su jawo shi, su auna tsawonsa, su ɗauki hoto, su sake shi ya koma.

Mai lambu ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Malam, waɗannan ƙosassu ne. Mai sakin kifi ya bar tuwo a gida. Ku uku kowa yana da abin da ke shigo masa, biyu albashi, ɗaya keke. Ni ranar kasuwa mai zuwa mai taki zai zo ƙofar gidana, gaban matana da 'ya'yana. Wane ne cikinku zai tsaya masa?" Wallahi maganar nan ta yi mini nauyi, gama gaskiya ce, kuma ba mu da amsarta. Albashina duka bai kai sulusin bashinsa ba. Na lura masu wa'azin kiyaye ruwa da daji galibi ba su ne mai bashi ke buga wa ƙofa ba. Duk da haka shanun Arɗo ma dukiyar wani ce, yaran nan kuma 'ya'yan wani ne.

Muna cikin haka sai muka ji gyaran murya a ƙofar zaure. Sarkin Ruwa ne, da sandarsa, da ɗansa riƙe da fitila. Ko Kawu ne ya ji mu ta bayan danga ya je ya faɗa, ko kuwa dattijon ya saba zagaya masaukin baƙi a daren su, bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya zauna, ya dubi kwalba, bai yi faɗa ba. Ya tambayi Mai lambu, "Ɗana, kai manomi ne. Shekarar da yunwa ta matsa, ka kan ci irin da ka rataya a rumbu?" Mai lambu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda bai kai damina ba, me zai yi da iri?" Dattijo ya yi shiru, ya jinjina kai, ya ce, "Wannan ma magana ce." Sa'an nan ya miƙa hannu ya ɗauki kwalbar ya ba ɗansa. Ya ce taru da magani ne aka hana a babban gurbi, amma baƙon da ya zo daga nesa a kan ba shi ƙugiya ɗaya, safiya ɗaya. Abin da Allah ya ba shi nasa ne, in ban da kai.

Da asuba bayan salla ɗan Sarkin Ruwa ya sa mu cikin kwalekwale, ni da Mai lambu, gama ba ya ɗaukar fiye da uku. Sauran biyu suka hau dutse. Gurbin baƙi ƙirin, shiru, itatuwa sun sunkuyo kansa. Yaron ya maƙala ɗan karfasa mai rai ta baya a wata ƙugiya mai kamar lauje ƙarami, ya ɗaura igiyar a jikin gora, ya jefa daidai inda dutse ya nutse cikin ruwa, ya ba Mai lambu bakin igiya. Ya ce giwan ruwa maharbi ne, ya kan laɓe gindin dutse ko kututture, kuma da duku-duku ya ke farauta.

Muka zauna har gari ya soma haske, sauro na cinmu. Can sai muka ga kawara sun watse bisa ruwa kamar an watsa tsakuwa. Kafin mu ce me, gora ta nutse. Igiya ta zuge ta cikin tafin Mai lambu har ta yanke shi, ya yi ƙara amma bai saki ba. Yaro yana ta cewa, "Sassauta masa, Baba, sassauta! In ka ja zai tsinke!" Kifi ya ja kwalekwale ya juya da mu sau biyu, ruwa ya shigo, ni da ban iya iyo ba na riƙe gefen jirgi ina ta salati. Sa'an nan ya yi tsalle, ya fito rabinsa waje, baki buɗe, yana girgiza kai don ya fid da ƙugiya. Tela daga kan dutse yana ihu, "Na gaya muku! Na gaya muku!" Haka aka yi ta fama, a ba shi igiya a karɓe, wajen rabin sa'a, har ya gaji ya kwanta bisa gefensa. Yaro ya hana mu sa hannu wajen kunnensa, don akwai ƙashi a wurin mai kaifi kamar aska. Shi ya naɗa tsumma a hannu ya kama shi ta leɓe, muka taimaka aka mirgino shi ciki. Idonsa na ƙyalli rawaya kamar na kyanwa da dare. Gansakuka dai ban ga ko ɗaya a bayansa ba.

Aka kai shi sikelin mai sayen hatsi, ya yi kilo 19. Sarkin Ruwa ya dube shi ya ce wannan yaro ne, iyayensa suna ƙasa. Aka yanke kai aka kai gidansa, aka ɗebi tsoka aka ba Kawu. Sauran wani mai kai kifi Zariya ya saya nan take. Mu uku muka ce ba mu da rabo, wanda igiya ta yanka shi ke da kifi. Mai lambu ya ƙidaya kuɗin sau biyu, ya ce ko ushirin bashin bai kai ba, da an bar shi da dabararsa da yanzu wani labari a ke yi. Ba wanda ya tanka masa.

Da muka je sallama ya tambayi kwalbarsa, ya ce da kuɗi ya saye ta. Sarkin Ruwa ya nuna masa saman azara a zaure. Ga ta can rataye da igiya, tare da waɗansu guda shida, wata har ƙura ta rufe rubutunta. Ya ce, "Ta sami 'yan'uwa, ɗana. Allah ya kiyaye hanya."

Ranar kasuwa mai taki ya zo kamar yadda aka faɗa. Kuɗin kifi da ɗan abin da muka harhaɗa suka sa ya yi haƙuri zuwa kaka. Da kaka ta yi masara ba ta biya ba, sai da Mai lambu ya sayar da babur ɗin da muka je da shi. Ya yi wata biyu bai zo gindin ceɗiya ba, in mun haɗu a masallaci sai gaisuwa kurum. Ran da ya komo bai ce komai ba, ya zauna ya karɓi 'ya'yan dara daga hannun Tela, tabon igiya na nan fari a tafinsa, ya ci ni sau uku a jere.